Mai Zama a Bakin Randa

Tbilisi, 4 ga Agusta

Inna Tsiala,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma ta san laifinta. Yaya ƙafa? Yaya idon nan da aka ce yana miki hazo? Yaya Baffa Shalva? Mu nan lafiya lau, sai zafin birni da ya hana kowa sakat. Mama tana gaishe ku, hawan jininta ya sauka tun da ta daina kallon labarai.

Kafin ki ce wace Rusudan kuma, ni ce dai 'yar marigayi Otar, ɗan baffan mijinki, wadda ta faɗa kwandon inabi tana shekara shida kika wanke ta a bakin famfo kina yi wa ubanta faɗa. Rabona da Lomisubani shekara tara ke nan, tun jana'izar Baba. Ban da hujja, don haka ba zan ƙirƙiro ba.

Na samu aiki a wani kamfani da ke yawo da baƙi masu hannu da shuni. Ba irin waɗanda ake lodawa a doguwar bas ba ne. Su ba sa wuce takwas, kuma kowa tun daga ƙasarsu ya zaɓi irin matashin da zai kwana a kai. Kwana goma muke yi da su: tsohon garin Mtskheta, ganuwar Sighnaghi, gidan 'yan zuhudu na Alaverdi, sai manyan gonakin inabin nan masu otal a tsakiya. Shugabarmu ta ce baƙin bana sun gaji da wuraren da aka share domin su, suna son abin da ba a shirya ba. Na yi dariya a raina, don shi ma abin da ba a shirya ba sai mun yi wata guda muna shirya shi.

A nan ne na tuna da wani abu. Ina ƙarama na taɓa shiga ɗakin randunanku na giya, waɗanda aka binne har wuya, na ji ƙasa tana waƙa. Na ruga da kuka, Baba ya ce mini baffanki ne a ciki yana wanki. Har yau ban ji murya irin wannan ba, ko a coci. Na ba shugabarmu labari, ta ajiye alƙalami ta ce, "Yana raye?"

To, Inna, roƙona ke nan. Ranar talatin ga wata za mu taso daga Alaverdi da hantsi. Idan lokacin wankin randuna ya yi kafin girbi, ku bar mu mu tsaya awa biyu. Wannan ce tafiyar farko da aka ba ni in jagoranta ni kaɗai. Zan ba Gocha mai bas takardar nan, na ji har yanzu shi ke bin hanyarku.

'Yarki,
Rusudan

Lomisubani, 11 ga Agusta

Rusudan,

Takardarki ta iso tare da buhun sukarin maƙwabta, kuma Gocha ya zauna a kanta, amma ta karantu. Lafiyarmu ƙalau. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta shekara tara da suka wuce, ta fi ki riƙon zumunci. Ido kam ya ƙi, an ce a yi mini aiki a Telavi ranar ashirin da takwas, in yi mako guda wajen ƙanwata. Ki gaishe da mamarki, ki ce labarai suna nan yadda ta bar su.

Ban sa an kira ki a waya ba, don wayar gidan nan ɗaya ce kuma a aljihun baffanki take kwana. Abin da zan faɗa ba na gabansa ba ne. Shekararsa saba'in da huɗu. Bana idan ya hau tudun gona sau biyu yake tsayawa, wai yana duba ganye. Ganyen me, numfashi yake nema. Tun bara nake roƙonsa ya daina shiga randa, mu nemi wani, sai ya ce hannun haya ba ya kai wa gindi, kuma duk giyar da ta yi tsami a ƙauyen nan ya san wanda ya wanke randarta. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Na yi niyyar in ce miki a'a, sai na yi wautar karanta masa takardar. Da na zo wajen da kika ce ko a coci ba ki ji irin muryarsa ba, sai mutumin nan ya miƙe ya gyara gashin baki.

"Tsiala, kin ji ko? Shekara arba'in da shida kina ce mini jaki."

Na ce, "Jakin ma akwai mai nisan murya."

Ya ce, "Ki rubuta mata su zo. Ki ce su zo da yunwa."

Tun ranar yake kurkure maƙogwaro da ɗanyen ƙwai. Don haka ku zo. Kada ki kawo mini maganar biya, baƙo baƙo ne ko da matashinsa ya zo. Zan bar cuku da burodi da miyar gyaɗa a rufe.

Damuwata ɗaya, ba ni nan ranar. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa shiga randa ba sai ina zaune a baki. Givi na maƙwabta da zai karɓe ni yana kan dutse da tumakinsa sai Oktoba. Saboda haka ke ce a madadina. Ki zauna a kujerata, ki saurare shi da kyau daga farko har ƙarshe, kada ki bar hirar baƙi ta ɗauke miki hankali. Na san jinin gidan nan ce ke, ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Innarki,
Tsiala

Tbilisi, 19 ga Agusta

Inna,

Gaisuwa da godiya ba iyaka. Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a, ki dawo kina hango laifin kowa tun daga bakin hanya. Mu lafiya, na ɗan yi mura ta wuce.

Maganar saurare kada ki damu ko kaɗan. Ni da na yi shekara ashirin ina jiran in sake jin muryar nan, wa zai ɗauke mini hankali? Na riga na rubuta wa baƙin cewa da zarar ya fara ba magana, ba ɗaukar hoto mai ƙara, sai ya gama. Na kuma aro na'ura mai kyau zan naɗi waƙar, in kawo miki ki ji abin da ya wuce ki. Kin ba ni tausayi da kika ce ba ki taɓa rasa ko sau ɗaya ba. Ashe duk faɗan nan na baki ne.

Jiya na kira Baffa mun daidaita. Ya ce babbar randar kakansa zai shiga, wadda aka kwashe giyarta a watan jiya aka mayar da murfi, don ita ta fi amo. Na roƙe shi kada ya taɓa murfin sai mun iso, baƙi su ga an kankare yumɓu an ɗaga dutsen a gabansu, daga nan ya shiga. Ya ce ai ba komai, shi da randar sun san juna. Shugabarmu har ta sa abin a takardar tafiya da manyan baƙaƙe.

Game da numfashinsa, na ji, kuma zan kula. Ba zan bar shi ya ɗauki komai mai nauyi ba, zan sa a ajiye masa ruwan sanyi.

'Yarki,
Rusudan

Lomisubani, 24 ga Agusta

Rusudan,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Na karanta takardarki sau biyu. Ashe ba ki sani ba. Laifina ne da na ɗauka abin da kowane yaro a nan ya sani ke ma kin sani, na manta a bene na bakwai kika girma.

Ki buɗe kunne. Ba don daɗi mai wanki yake waƙa ba. Randar da aka kwashe aka rufe, ɗan abin da ya rage a gindinta yana ci gaba da tsima, yana tara wata iska mai nauyi da ba ta da wari kuma ba ta tashi sama. Mutum yana shaƙarta ba ya jin komai, sai barci. Ba ya ihu, ba ya kiran kowa. Shi ya sa ake buɗe randa kwana guda kafin a shiga, a kaɗa mata buhu, a zura kyandir da igiya har ƙasa. In wutar ta mutu ba mai shiga. Shi ya sa kuma na ciki yake waƙa, na baki yana saurare. Muddin kina jin murya, yana raye. In ya yi shiru, ko na ƙiftawar ido ne, ki kira sunansa. In bai amsa ba ki tara maza a fito da shi. Yayan Givi haka ya tafi, matarsa ta je sauke tukunya ne kawai.

Na yi wa baffanki faɗa har muryata ta dushe. Ya rantse zai buɗe tun jajibiri. Na san rantsuwarsa, tunda ya yi wa yarinya alkawarin ɗaga dutse a gaban Turawa, sai ya ɗaga. Don haka ke za ki hana. Ki kira shi ki ce shugabarku ta canza shawara, ki ce baƙi suna son ganin kyandir. Ki yi ƙarya duk wadda ta zo miki, zunubin a wuyana. Igiya tana rataye bayan ƙofa.

Yanzu zan kai wa Gocha da hannuna, na ce masa ta gaggawa ce.

Tsiala

Telavi, 2 ga Satumba

Inna,

Ina gaishe ki, ina fata an cire miki bandeji lafiya. Ƙanwarki ta hana ni shiga jiya, ta ce likita ya ce kada ki yi kuka, kuma ganina zai sa ki. Ta yi daidai. Na san an gaya miki Baffa yana raye kuma yana cin abinci. Saura ki ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi.

Takardarki ta ashirin da huɗu jiya ta zo hannuna. Motar Gocha ta lalace a hanya, ta yi kwana shida a gareji, takardar tana soke a bayan madubi. Na karanta ta a tsaye a tasha.

Ranar talatin ɗin mun iso gidanku wajen sha biyu, rana ta take. Baffa ya tarbe mu da sabuwar riga. Murfin yana nan da yumɓunsa kamar yadda na roƙa. Ya kankare, baƙi biyu suka taya shi ɗaga dutsen, kowa ya leƙa. Na ga ya dubi wani guntun kyandir a kan taga, sai ɗaya daga cikin matan ta duba agogo, ni kuma na ce masa, "Baffa, awa ɗaya da rabi ta rage mana." Ni na faɗi haka. Ya bar kyandir ɗin, ya tuɓe riga, ya ɗauki burushinsa na ɓawon itace, ya sauka tsani.

Na zauna a kujerarki. Ya fara waƙar masu huɗa, kuma wallahi, Inna, ƙasa ce take waƙa kamar da. Wata tsohuwa cikin baƙin tana share hawaye. Ya yi kamar minti biyar, muryar ta fara yin ƙasa tana ja, na ce a raina gwaninta ce. Sai ta tsaya.

Muka yi tafi. Ni na fara.

Dokar kamfaninmu ita ce direba ba ya shiga inda baƙi suke, yana jira a waje. Direbanmu Malhaz mutumin wajen Gurjaani ne, mai shekara hamsin da tumbi, yana jingine da katangarku yana shan taba. Ban san ma yana ji ba. Sai ga shi ya faɗo ta kan katanga, bai bi ta ƙofa ba, ya ture wani likitan haƙori cikin baƙin daga hanya.

"Tafin uwar me kuke yi? A tsakiyar baiti ya tsaya."

Ya durƙusa a baki ya kira, "Dattijo. Dattijo Shalva." Shiru. Ya juyo ya ce mini, "Igiya, 'yar birni, igiya. Tana bayan ƙofa, a kowane gida a bayan ƙofa take." Ya ja numfashi ya riƙe, ya matsa tumbinsa ya sauka, ya ɗaura wa Baffa a hammata, ya fito fuskarsa ta yi baƙi. Shi da maza uku suka ja. Da aka shimfiɗe Baffa a ƙarƙashin inabin tsakar gida leɓensa ya canza launi. Ban iya komai ba, ina tsaye da na'ura a hannu tana ta naɗa.

Likitan haƙorin ne ya yi ta danna masa ƙirji yana hura masa iska har ya yi tari. Da ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "A wane baiti na tsaya?" Malhaz ya ce, "Na huɗu, kuma ka yi kuskure a na uku." Sannan ya koma gefe ya zauna a ƙasa.

Kin ce in saurare shi, na saurare shi kamar mai sayen tikiti. Kin ba ni amanar mijinki na kusa kashe miki shi don kada baƙi su makara cin abincin rana. Ba na neman ki ce ba komai. Ina so dai ki sani ban ɓoye ko ɗaya ba.

Rusudan

Tbilisi, 12 ga Satumba

Inna,

Ina gaisuwa. Yaya ido, yaya jikin Baffa? Kullum ina zuwa tasha, har Gocha ya fara ɓuya in ya hango ni. Ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin sa a aljihu ba ki ce komai ba. Na kira wayar Baffa sau uku a kashe.

Baƙin sun koma ƙasashensu. A takardar ra'ayi biyar daga cikinsu sun ce ranar gidanku ta fi kowace rana, ɗaya ma ya tambaya ko an saba yin hakan. Shugabarmu tana so a sa a tafiyar baɗi. Na ce mata ta nemi wata.

Na saurari abin da na naɗa sau ɗaya. Daga inda muryarsa ta tsaya zuwa inda aka ji faɗowar Malhaz, minti ɗaya da rabi ne, kuma muryata ce ta fi ta kowa tashi ina yaba masa. Idan shirun nan naki shi ne amsa, na karɓa, ba zan ƙara damun ki ba. Ki dai sa Gocha ya gaya mini ko yana iya tafiya.

Rusudan

Lomisubani, 16 ga Satumba

Rusudan,

Muna lafiya, mu biyun. Ido ya buɗe, har na ga ashe labulen ɗakina shuɗi ne. Baffanki yana tafiya, yana ci, yana gardama. Wayarsa tana gindin randa ta sha ruwa, shi ya sa ba ki same shi ba.

Shirun da na yi ba naki ba ne. An hana ni karatu da rubutu kwana goma sha huɗu, kuma ban yarda wani ya karanta mini takardarki ba. Shekaranjiya na buɗe ta tare da ta biyun. Na yi fushi da ke, ba zan yi ƙarya ba. Amma da na zauna sai fushin ya dawo gida. Ina da baki ranar ashirin da huɗu. Da na fizge wayar daga aljihunsa na kira ki a gabansa na ce mijina ya tsufa, numfashinsa ba ya kai shi, da duk wannan bai faru ba. Na ji nauyin in kunyata shi, na ba mai bas takarda. Na fifita kunyarsa a kan ransa. Ke ba ki sani ba, shi ya sani ya shiga, ni na sani na tafi. Ki ɗauki kasonki kawai, ki bar mana namu.

Shi kuwa abin ya zame masa labari. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa abin da ya ji na ƙarshe tafi ne, ya ɗauka ya isa sama ana yi masa maraba. Amma likita ya ce shi da cikin randa har abada, kuma wannan karon bai yi musu ba. Rannan na same shi a ɗakin randuna yana tsaye da burushi a hannu, yana kallon ramukan. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ga inda muke. Inabi ya nuna, zuma da tsuntsaye sun fara rabonsu, in mun wuce mako guda mun yi asarar shekara. Randa shida ce. Malhaz ɗinku ya zo ranar hutunsa ba wanda ya kira shi, ya wanke manya uku, muryarsa kamar ana jan tebur. Sauran ukun tsofaffi ne masu ƙaramin baki, tumbinsa ya ƙi wucewa, har sai da muka shafa masa mai muka ciro shi. Na ce a nemo ɗan haya. Baffanki ya ce ba hannun haya a randunan kakansa, akwai jinin gidan da ya rage.

Na ce, "Mace a cikin randa? Ƙauyen nan zai yi shekara yana magana."

Ya ce, "Su yi. Dama sun gaji da maganata."

Na ce, "Yarinyar da ko igiya ba ta san inda take ba?"

Ya ce, "Yanzu duk yankinmu na Kakheti ba wanda ya san abin da shiru yake nufi kamar ta."

Don haka ki zo ranar Asabar da motar safe, da tsofaffin kaya da ɗankwali. Tun Juma'a zan buɗe su in kaɗa buhu, ni zan zura kyandir da sabon idona. Shi zai zauna a kujerata ya saurare ki, ya gaya miki inda kika tsallake. Na gaya masa na taɓa jin kina waƙa a bikin 'yar Givi, kuma ba abin alfahari ba ne. Ya ce ba daɗi ake nema ba. Ki zo da wadda kika iya mai tsawo, ko ta tallan sabulu ce, in ta ƙare ki sake daga farko. Abin da ya roƙa kawai, kada ki yi masa shiru.

Innarki,
Tsiala